Yaro ake zagi alhali agogo na hannun koci

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka duka, ya aiki, ya haƙuri da mu masu karatu. Na daɗe ina bin shafinku na wasanni, kuma ni kaina ina koyar da yaran kartiyenmu ƙwallo nan Bukoki cikin Yamai, ƴan shekara 13 zuwa 16, ba albashi ba komi, sha'awa ce da kuma gudun kar su zauna banza bakin gudro. Abin da ya sa na ɗauki waya nake rubuto maka shi ne wata ɗabi'a da nake gani wurinmu duka, ƴan jarida da ƴan fada da masu kiran rediyo, in aka ci ƙungiya a mintin ƙarshe kafin ma mutane su gama fita daga fili an riga an samu yaron da za a rataya ma laifin, wane ne ya zubar da wasa, wane ne ya kashe mu, shi kuwa wanda ya ba shi umurnin ya shige mota ya tafi gida ba wanda ya tambaye shi komi.

Zan kawo maka misalina daga nesa, daga wasan da da yawa cikinmu ba mu kallo, wato zari-rugar Amurka ta ɗaliban jami'a, don a wannan wasan ne na fi ganin abin a fili. Ƙanena yana aiki a birnin Kolombos na jihar Ohayo, shi ya jawo ni ciki, tun ina ce mai wannan ai dambe ne da hular kwano har na zo ina hana idona barci saboda shi, don in sun fara da dare can mu nan ɗaya saura na dare ne ko ma ta wuce.

Bari in ɗan yi bayani saboda wanda bai taɓa gani ba. Filin yadi 100 ne, yadi irin na atamfa, bai kai mita ɗaya ba da kaɗan. Mutum 11 kowane gefe. Masu ƙwallo ana ba su dama huɗu su ci yadi 10 gaba, in sun ci a sake ba su huɗu, in sun kasa ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. In ka kai ta ƙarshen fili maki 6, in ka buga ta da ƙafa ta ratsa tsakanin sanduna maki 3. Akwai yaro guda da suke ce ma kwatabak, shi ne madugu, kusan kowace ƙwallo ta hannunsa take bi, ko ya jefa ko ya miƙa ma mai gudu ko ya ruga da kansa. To amma ga inda ya bambanta da ƙwallonmu, wasan tsayawa yake bayan kowace dama, kuma a wannan tsayawar daga bakin layi ake aiko ma madugun abin da zai yi, koci da mataimakansa su ke zaɓa. Da can da alamun hannu da manyan alluna ake yi, daga kakar 2024 kuma an yarda a sa ƴar rediyo cikin hular madugun a manyan jami'o'i, koci na magana cikin kunnensa har sai ya rage daƙiƙa 15 a agogon fara wasa sannan a katse. Kuma kowace ƙungiya na da damar tsayar da agogo sau uku a kowane rabi. Ka ga kenan lissafin lokaci dungurungum aikin babba ne, an ba shi kayan aikin, an ba shi mataimaka fiye da goma, wasu na can saman bene da na'ura a kunne ba abin da suke sai kallo da lissafi.

Ranar 7 ga Oktoba 2023 jami'ar Miyami ta karɓi Jojiya Tek. Miyami ba a ci ta ko sau ɗaya ba a kakar, tana gaba 20 da 17, ƙwallo na hannunta, saura daƙiƙa 33 a tashi, su kuma Jojiya Tek sun cinye damarsu ta tsayar da agogo duka. A dokar wasan nan madugu na iya karɓar ƙwallo ya durƙusa gwiwa ƙasa kawai, agogo ya ci gaba da tafiya, kuma ana da daƙiƙa 40 kafin a tilasta maka sake farawa. Yaron da ke aji uku a lakwal ma zai gaya maka 40 ta fi 33. Durƙuso ɗaya, a tashi, kowa ya tafi gida. Sai aka ce a miƙa ma mai gudu, Don Chaney, ya kutsa cikin ƙarti, ƙwallo ta suɓuce mai, Jojiya Tek suka ɗauka, madugunsu Haynes King ya yi jifa har ya samu Christian Leary daga yadi 44 ya shige, aka tashi 23 da 20. Na kalli bidiyon nan ya fi sau ashirin, kyamara ta nuna yaran Miyami kan benci wani hawaye na zuba a fuskarsa.

To Malam Edita wa ya zubar da wannan wasa? Ƙwallo daga hannun Chaney ta faɗi, wannan kowa ya gani. Madugun Miyami ma, Tyler Van Dyke, sau uku abokan karawa na cafke jifarsa a wannan daren, shi ma ba a wanke shi ba. Amma duk da jifa ukun nan da ya ɓatar sun iso daƙiƙa 33 na ƙarshe da nasara a aljihu, abin da ya rage kawai wani babba ya ce ku durƙusa. Kocin Miyami Mario Cristobal da bakinsa ya amsa bayan wasa cewa durƙusawar ya kamata su yi, na yaba mai da ya faɗa. Abin da ya fi ci mani rai shi ne ba wannan ne karon farko ba, a 2018 lokacin yana kocin Oregon irin haka ta same shi da Stanford, suna gaba, saura ƙasa da minti ɗaya, aka miƙa ma mai gudu CJ Verdell ƙwallo ta kuɓuce, Stanford suka rama suka ci 38 da 31 a ƙarin lokaci. Mutumin da Miyami ta ɗauka kan kwantiragin dalar Amurka miliyan 80 na shekara 10, dalar Amurka fa nake nufi ba dalarmu ta tamma biyar ba, a shekara ya haura miliyar 4 na sefa. Wanda ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski.

Wanda na kalla kai tsaye kuma shi ne na 12 ga Oktoba 2024, jami'ar Ohayo Stet ta je gidan Oregon. Muna fada mu huɗu, shayi ya kai na uku har an wanke butar, sauran sun yi barci kan tabarma sai ni da waya a hannu na jingina ta da gwangwanin sukari, ƙanena na turo mani saƙon murya ta WhatsApp duk bayan minti biyu yana huci. Wajen ƙarfe huɗu na dare Oregon ta shiga gaba 32 da 31, saura minti ɗaya da daƙiƙa 47. Madugun Ohayo, Will Howard, ya ja yaransa tiryan-tiryan har yadi na 28, wato saura yadi 28 su kai ƙarshen fili, inda mai bugun ƙafa zai iya gwada maki 3 su ci wasa. Sai alƙali ya kama ɗan Ohayo Jeremiah Smith da laifin ture mai tsaronsa, aka maida su baya yadi 15, agogo kuma ya ci gaba da cin daƙiƙoƙi suna tsaye suna shiri alhali akwai sauran damar tsayar da shi guda ɗaya a hannun kocinsu Ryan Day. Da ya rage daƙiƙa 10 kocin Oregon, Dan Lanning, ya tsayar da wasa, da aka dawo sai ga ƴan Oregon mutum 12 a fili maimakon 11. Hukuncin wannan laifin yadi 5 ne kawai, amma daƙiƙa huɗun da aka ɓata ba a maido su. Saura 6. Howard ya karɓa, ya duba bai ga wanda zai jefa ma ba, ya ruga da kansa ya zame ƙasa don a tsayar da agogo a buga, kafin ya kai ƙasa agogo ya cika sifili.

Gari na wayewa hoton da ya cika intanet shi ne na Howard zaune a ƙasa ya dafe kai. Ƙanena ma cewa ya yi wannan yaron ba shi da lissafi. Na ce mai tsaya, na yarda ya makara da daƙiƙa ɗaya, da ya zube tun da wuri da an samu bugu, wannan kuskurensa ne ba mai cire mai shi. Amma ka ƙirga abin da aka yi kafin a zo nan. Wa ya zaɓi a yi jifa a yadi na 28 maimakon a lallaɓa a matso? Wa ya bar agogo na zuba bayan hukuncin? Kuma wa ya zauna tun kafin ranar ya karanta littafin doka har ya gano cewa yadi 5 ya fi daƙiƙa 4 araha? Wannan na ƙarshen Lanning ne, don daga baya ya nuna cewa irin waɗannan yanayin suna zama su yi shirinsu, kuma cikin kwanaki kaɗan hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ta fito da sabuwar fassarar doka ta toshe ƙofar, yanzu in aka yi haka a mintuna biyun ƙarshe ana iya maido ma waɗanda aka cuta lokacinsu. Wato wasan nan koci biyu ne suka kara da ƙwaƙwalwa ɗaya ya fi ɗaya shiri, amma fuskar da duniya ta riƙe ta yaro ce ɗan shekara 23 da aka ba daƙiƙa 6 ya gyara abin da manya suka ɓata cikin daƙiƙa 30. Ba a fafe gora ranar tafiya, in kana son yaro ya san lokacin zubewa ƙasa to ka sa shi ya maimaita sau ɗari ranar talata da laraba har jikinsa ya haddace, ba ranar asabar gaban mutum dubu 60 suna ihu ba.

Kuma wannan Howard ɗin dai da aka ce ba shi da lissafi, shi ya sake haɗuwa da Oregon ranar 1 ga Janairu 2025 suka lallasa su 41 da 21, ranar 20 ga wata kuma suka ci Notre Dame 34 da 23 a Atlanta suka ɗauki kofin ƙasa, har aka zaɓe shi gwarzon masu kai hari na wasan. Yaron bai canza kai ba cikin wata uku.

Kar a ce na tsani masu koyarwa, ni ma ɗaya ne cikinsu ko da dai ƙarami. Akwai zaluncin da ake musu su ma, shi ne a jira a ga sakamako sannan a yanke hukunci. Dubi Nick Saban, tsohon kocin jami'ar Alabama. A Nuwamban 2013 da Auburn ana 28 da 28, ya dage sai da aka maido mai daƙiƙa ɗaya a agogo, ya sa a gwada bugu daga yadi 57, ƙwallo ba ta kai ba, Chris Davis na Auburn ya cafe ta a ƙarshen fili ya ruga da ita har ɗaya ƙarshen, aka ci Alabama 34 da 28, aka yi ta sukarsa. A Janairun 2018 kuma wasan ƙarshe da Jojiya, an ci su 13 ba ko ɗaya kafin hutun rabin lokaci, ya zaunar da madugunsa Jalen Hurts wanda ya kawo su har wurin ya sa Tua Tagovailoa ɗan shekara 19 ɗan ajin farko. A ƙarin lokaci yaron ya riƙe ƙwallo ya daɗe har aka kayar da shi baya yadi 16, babban kuskure na madugu wanda ba hannun koci ciki, da nan wasan ya ƙare da har yau ana cewa Saban ya yi ganganci. Dama ta gaba ya jefa ma DeVonta Smith daga yadi 41, kofi ya zo, 26 da 23, Saban ya zama mai hangen nesa. Shawarar dai ita ce ba ta canza ba tsakanin dama biyun nan. Don haka ni ma'aunina guda ne, a lokacin da ka ba da umurni me ka sani, kuma akwai hanya mai sauƙi da ka bari? Sauya madugu caca ce da mutum ke yi in ya ga jirgi na nutsewa, ko ta ci ko ba ta ci ba ina girmama ta. Ƙin durƙusawa kuwa ba caca ba ce, sakaci ne, don ba abin da za ka samu in ta yi kyau sai abin da ka riga ka mallaka.

Wani zai ce ai yanzu tun 2021 an yarda ɗaliban nan su samu kuɗi da sunansu da hotonsu, wasu madugai na samun miliyoyi, to su ɗauki zagi mana. Na ji. Amma kuɗi ba ya ƙara ma ɗan shekara 20 shekaru, kuma ba ya maida shi mai zaɓen umurni. Har yanzu murya daga bakin layi take zuwa.

Yanzu bari in dawo gida in faɗi abin da ya sa maganar nan take mani zafi haka. Bakans ɗin da ya wuce mun shiga wata gasar unguwanni, muka kai wasan kusa da na ƙarshe. Muna gaba ɗaya da babu, saura kamar minti uku, rana ta yi sanyi ƙura ta tashi har ba ka ganin ɗaya ragar sosai, mutane sun zagaye fili har kan katanga. Ƙwallo ta fita, bugun gola ne namu. Golana yaro ne ɗan shekara 15, siriri, safar hannunsa ma ta masu aikin gini ce ya yanke bakin yatsun. Ya aje ƙwallo zai narka ta gaba kamar yadda ya saba, ni kuma na ɗaga murya daga bakin layi na ce a'a, ba na baya, ku fito da ita a ƙasa. Abin da nake gani manyan ƙungiyoyin Turai na yi a tele ne, ban taɓa koya musu shi a atisaye ba ko sau ɗaya, kuma filinmu rairayi ne da tsakuwa. Yaron ya juyo ya dube ni, na sake ɗaga mai hannu. Ya tura ta a hankali, ƙwallo ta tsaya cikin rairayi rabin hanya, ɗan gabansu ya rigayi na bayanmu ya zura. Aka je fenariti aka fitar da mu.

Abin da ya biyo baya ba na mantawa. Manya da gemunsu suna ce mai rariya, wani ya ce an saye shi da jikka biyu, yara ƙanana suka bi shi da waƙa har bakin titi. Shi kuwa ya zauna gindin katanga ya cire safar nan yana ninke ta yana warwarewa, bai ce ma kowa koci ne ya ce in yi ba. Ni ina tsaye taku biyar daga wurinsa ina tattara riguna cikin buhu, na ji komi, kuma ban buɗe baki ba. Mutum nawa suka ji umurnina cikin hayaniyar nan? Ƙila uku. Mutum nawa suka ga ƙwallon ta bar ƙafarsa? Duk wanda ke fili. Daga ranar bai sake zuwa atisaye ba.

Laifi tudu ne, na daɗe ina hango na Cristobal a waya ina girgiza kai ina taka nawa. Shi ma dai ya fito gaban ƴan jarida a daren ya ce nasa ne, ni sai da na yi wata biyu.

Roƙona gare ku masu rubuta labarin wasanni, ko na Mena ƙungiyar ƙasarmu ne a filin Seyni Kountché ko na gasar ƙasa ko na ƙananan yara, in za ku rubuta cewa wane ya yi kuskure a minti na 89 ku rubuta, gaskiya ce ba a ɓoye ta, amma dan Allah ku ƙara taku ɗaya ku je wurin mai koyarwa ku tambaye shi, kai ka ce ya yi haka? Kun taɓa gwada shi a atisaye? Me ya sa ba ka yi canji ba da ka ga ya gaji tun minti na 70? Lokacin da Mena ta ci Masar ɗaya da babu nan Yamai a 2010 har muka samu zuwa kofin Afirka na 2012 karon farko, an yabi Moussa Maazou da ya zura ƙwallon, an kuma yabi Harouna Doula har CAF ta ba shi kyautar kocin shekara, ba wanda ya ce yabon na ɗan wasa ne shi kaɗai. To ranar faɗuwa ma a raba haka, kowa a ba shi kasonsa, kuma a fara da babba.

Na samu labarin golan nawa yana koyon gyaran babur a wani garaji, na je ranar wata juma'a bayan an sauko masallaci. Na tarar da shi tsugune yana wanke kaca cikin kwanon esansi, ya miƙe da sauri yana goge hannu a wando ya ce Koci ina wuni. Na gaida ubangidansa, na ce ina son in yi magana gaban kowa, na ce ƙwallon nan da aka ci mu ni na ce ya buga ta haka, shi gaba ya so ya narka, kuma da ake zaginsa ina ji na yi shiru, ɗana ka yafe mani. Ya sunkuyar da kai ya ce ba komi Koci, ai ya wuce. Na ce ranar lahadi akwai atisaye ƙarfe huɗu da rabi, na sayo safar gola ta gaske tana nan cikin buhu. Ya ce sai ya tambayi ubangidansa. Lahadi uku kenan ina zuwa da safar, bai zo ba tukuna.

Na gode da ba ni fili, Allah ya ƙara ma jaridarku albarka.

Naka mai karatu,
wani mai koyar da yara ƙwallo,
Bukoki, Yamai